Kafin Ki Ɗora Hannu: Abin Da Mai Tausa Ya Kamata Ta Sani

Sana'ata tausa ce. A Kano nake yin ta, gida-gida, kuma mata kaɗai nake taɓawa: masu jego, tsofaffin da gwiwa ta hana su sujada, ma'aikatan ofis da wuyansu ya sage, matan da ke wuni a kan keken ɗinki. 'Yan mata suna yawan zuwa su ce, "Anti, ki koya mini," kuma abin da suke nufi shi ne in nuna musu yadda ake murzawa da matsawa. Wannan ba shi da wuya, mai ƙwazo hannunta zai faɗa cikin 'yan makonni. Abin da ke cin lokaci shi ne sanin abin da ke kwance a ƙarƙashin fatar da kike murzawa, da gane ranar da ya kamata ki mayar da kwalbar mai cikin jaka ki ce, "Hajiya, yau ba tausa, asibiti za a je." Wadda ba ta san wannan ba, ko hannunta ya fi na kowa laushi, ban yarda ta shiga gidan mutane da sunana ba.

Maza masu yi wa 'yan ƙwallo da 'yan dambe tausa su ma za su ƙaru da wannan bayani, domin halittar jiki ɗaya ce. Amma da ƙannena mata nake magana.

Ki fara karatun a jikinki

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki sama da 600. Ba wanda ya ce ki haddace su. Abin da ake so shi ne yatsunki su iya bambance ƙashi da tsoka da agara ido a rufe, kuma jikinki ne allon farko. Ki sunkuyar da kai, ki shafa bayan wuyanki zuwa ƙasa, za ki ji wani ƙashi ya ɗan fito. A nan ƙasusuwan wuya guda 7 suke ƙarewa. Daga nan sai guda 12 na gadon baya, waɗanda haƙarƙari ke maƙale da su, sannan guda 5 manya na ƙugu masu ɗauke da nauyin jiki. A cikin ramin da ke tsakiyarsu laka take, kuma daga tsakanin kowane ƙashi da na kusa da shi jijiyoyi ke fitowa suna tafiya hannu da ƙafa da kayan ciki. Shi ya sa ba a danna ƙashin bayan kansa. Aikinki yana kan tsokokin nan biyu dogaye da ke hagu da damansa, sai ki bi su da tafin hannu ko babban yatsa, ki bar tsakiyar.

Haƙarƙari 12 ne a kowane ɓangare. Biyun ƙarshe ba su zagayo sun haɗu da ƙashin ƙirji ba, bakinsu a sake yake, kuma a daidai wurinsu ƙoda take ta baya. Don haka ba a bubbuga wannan wuri da dunƙulen hannu, ba a kuma kafa masa gwiwar hannu. A gidajenmu akan sa jika ya hau bayan kakarsa ya tattaka mata. Idan kika tarar ana haka, ki hana da ladabi. Mace idan ta daina al'ada ƙashinta yana rage ƙwari, kuma haƙarƙarin tsohuwa yana iya tsagewa da nauyin da yarinya ba za ta ma ji ba.

Jini yana fita daga zuciya ta jijiyoyi masu bugawa, ya dawo ta wasu marasa bugawa. Waɗannan masu dawo da shi, musamman na ƙafa, suna da 'yan ƙofofi a ciki da ke buɗewa ta sama kawai. Dalilin ke nan da ya sa a hannu da ƙafa ake tura matsi daga ƙasa zuwa sama, wajen zuciya, idan za a dawo kuma a sassauta hannu ya zama shafa kawai.

Wuraren da jijiya take a fili

Allah ya ɓoye yawancin manyan jijiyoyi a ƙarƙashin tsoka, amma akwai wuraren da suke kusa da fata, ba abin da ya tare su. Mafi haɗari shi ne gaban wuya. Ki ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaronki, ƙasa da muƙamuƙi, a hankali: wannan bugun da kike ji babbar jijiya ce mai kai jini ƙwaƙwalwa. Akwai wani gurbi a jikinta da ke auna ƙarfin jini. Idan aka danne shi, zuciya tana rage gudu, mutum ya ga jiri ko ya sume a hannunki. A jikin dattijuwa kuma wadda kitse ya taru a bangon jijiyarta, murzawa na iya ɓantaro wani abu ya tafi ya toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa. Ni tausar wuyana tana tsayawa a baya da saman kafaɗa. Gaba ba ruwana da shi.

Haka nan murɗe wuya har ya yi ƙara, irin wanda wasu masu aski ke yi wa maza bayan sun gama. Wasu mata suna roƙo a yi musu, wai sai sun ji ƙarar suke samun sauƙi. Kada ki yi. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da ke bi ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya su hau kai, kuma fizgar wuya na iya yaga bangonsu. Ba kullum hakan ke faruwa ba, amma idan ya faru shanyewar jiki ce ke biyo baya, ga yarinya ma ba tsohuwa kaɗai ba.

Sauran wuraren ki koye su da taɓawa. Hammata da matsematsi cike suke da jijiyoyi da kaluluwa. Lanƙwasar gwiwar hannu ta ciki, inda ake ɗibar jini a asibiti, da ramin bayan gwiwar ƙafa, shafa kawai suke so. Akwai jijiyar da ke bayan gwiwar hannu, wadda idan kika buge ta kike jin zir har ƙaramin yatsa. Akwai wata a gefen gwiwar ƙafa ta waje, ta zagaya kan wani ɗan ƙashi, idan aka daɗe ana danne ta mutum zai kasa ɗaga tafin ƙafarsa, ya riƙa jan ta. A tsakiyar ɗuwawu kuma jijiyar da ta fi kowace girma a jiki take wucewa ta gangara bayan cinya. Tsokar wurin tana son matsi mai nauyi, amma da zarar mai jikin ta ce wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga mata har ƙafa, ko yatsunta sun yi sanyi sun mutu, kin hau jijiya, ki matsa gefe. Dokar da nake bai wa masu koyo gajeriya ce: inda kika ji bugu a ƙarƙashin yatsa, ki ɗaga.

Ciki kuwa ina taɓa shi da taka-tsantsan fiye da yadda mutane ke tsammani. Hanta tana sama ta dama, saifa tana sama ta hagu a ƙarƙashin haƙarƙari. A ƙasarmu da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ba abin mamaki ba ne a samu mai kumburarriyar saifa ba ta sani ba, kuma saifar da ta kumbura tana iya fashewa da matsi. Ƙahon zuci ma, wannan ɗan ƙashin da ke ƙarshen ƙirji, ba a danna shi.

Tambaya kafin mai

Ina zuwa gida, bayan gaisuwa, ba na buɗe jaka sai mun zauna mun yi magana. Ina ne ke ciwo, tun yaushe, da me ya fara? An faɗi ne ko haka kawai ya zo? Yana hana barci? Akwai zazzaɓi? Akwai hawan jini, ciwon suga, sikila, ciwon zuciya? Akwai juna biyu, ko ana tsammaninsa? An yi tiyata kwanan nan? Wane magani ake sha? Wannan ta ƙarshe sai kin ce a ɗauko ledar maganin ki gani, domin da yawa za su ce "ba komai" alhali suna shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin kullum. Mai shan waɗannan, matsi kaɗan zai tara mata jini a ƙarƙashin fata.

Akwai tambayar da ake jin nauyin yi, amma ni ina yin ta idan mun keɓe: wane mai ake shafawa? Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri. Za ki ga jijiyoyi kore-kore a fili, ga nankarwa mai faɗi a cinya da damtse. Irin wannan fata tana saurin ɗayewa, kuma idan ta yi rauni ba ta saurin warkewa. Ba wa'azi kika je yi ba, ki dai rage ƙarfin hannunki, ki ƙara mai.

Sannan ki duba da idonki, da haske. Idan ɗakin duhu ne, ki ce a ɗaga labule ko ki kunna fitilar waya. Mai zazzaɓi ba a yi mata tausa, ko da ta ce ciwon jiki ne ya dame ta, gwajin jini take buƙata. Ƙazuwa, makero da ƙarambau suna bin hannu da tawul su tafi gida na gaba. Maruru ba a matse shi, ba a murza kewayensa. Inda aka yi ƙaho kwanan nan, ki jira tsagar ta rufe tukuna, domin ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi. Jijiyoyin ƙafa da suka kumbura suka nannaɗe, ki bi ta gefensu. Idan kuma yatsanki ya ci karo da wani ƙullutu mai tauri a nono ko hammata ko wuya, kada ki yi ƙoƙarin narkar da shi da murza. Ki faɗa mata a natse cewa kin ji wani abu da ya kamata likita ya duba, ba tare da kin kira sunan wata cuta ba.

Ƙafar mai jego

A nan nake so ki tsaya sosai, domin masu jego su ne rabin aikinmu, kuma su ne aka fi cutarwa da kyakkyawar niyya. Lokacin goyon ciki da makonni 6 na farko bayan haihuwa, jinin mace yana saurin daskarewa. Hikima ce, don kada ta zubar da jini da yawa wurin haihuwa. Amma wannan hali yana iya sa gudan jini ya taru a cikin jijiyar da ke can cikin sha-raɓa ko cinya, musamman ga wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa, ko wadda ta daɗe a kwance, ko mai ƙiba. Alamarsa: ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumburi, ta yi ɗumi, tana ciwo kamar an ɗaure tsokar, wani lokaci launinta ya sauya. Abin da kowa zai ce a gidan shi ne, "Jijiya ce ta harɗe, a kira mai tausa." Idan kika murza wannan ƙafa, gudan jinin na iya ɓallewa ya bi jini har huhu ya toshe shi. Mace tana zaune lafiya sai numfashi ya gagara, ƙirji ya ɗaure, kuma ana iya rasa ta kafin a samo mota.

Saboda haka duk mai jegon da zan taɓa, sai na fara jera ƙafafunta biyu na kalle su tare, na ɗora bayan hannuna a kan kowace don jin ɗumi. Idan na ga bambanci, aiki ya tsaya. Ba na shafa ko man kaɗe, ba na barin a gasa da ruwan zafi, sai a tafi asibiti a ranar, a yi hoton jijiyar. An taɓa kirana wani gida inda uwar mijin ta ji haushina ƙwarai, ta ce ita ta haifi 'ya'yanta duk da tausa aka gyara ta. Na ce, "Mama, gaskiya ne, kuma in an dawo daga asibiti aka ce ba komai, ni zan zo in yi ba ko sisi. Amma wannan ƙafar yau ta fi ƙarfin hannuna." Da irin wannan lafazi ake shawo kan manya, ba da gardama ba.

Wannan haɗari bai tsaya kan masu jego ba. Hajiyar da ta sauka daga jirgin Makka, 'yar kasuwar da ta kwana zaune a motar Legas, mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, wadda aka cire wa filasta bayan karaya, duk a duba ƙafarsu haka.

Idan kuwa ƙafafun biyu ne suka kumbura, ga haki ko da ɗan zuwa banɗaki, ga tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, to zuciya ake zargi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, suka kuma danganta shi da tsananin zafin wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da yawan kunun kanwa. Irin wannan kumburi ruwa ne da zuciya ta kasa turawa. In kika tura shi sama da hannunki, kin ƙara wa zuciyar da ta gaji kaya. Zazzaɓi bayan haihuwa, jini mai wari, ko jinin da ya ƙi tsayawa, su ma ba namu ba ne. Wadda aka yi wa aiki kuma ba na zuwa kusa da marar ta sai ɗinkin ya warke, likitanta ya ce to.

Mai ciki da ya kai wata 5 ba ta daɗewa a rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai ta ji jiri. Ki kwantar da ita ta gefe, an fi son hagu, da matashi tsakanin gwiwoyi, ki yi mata ƙugu da kafaɗa a hankali. Za a roƙe ki ki "gyara kwanciyar ɗa". Ki ƙi. Juya ɗa ta waje aikin likita ne da na'urar hoto a gabansa, domin mabiyiya na iya rabuwa da mahaifa. In ta ce kanta na sarawa, tana ganin dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, wannan hanyar jijjiga ce, a auna jininta yanzu-yanzu.

Ciwon baya da sauran masu kama da namu

Yawancin ciwon baya na tsoka ne, daga sunkuyo wurin wanki da shara da ɗaukar kaya, kuma tausa tana yi masa amfani sosai. Wanda ke tsorata ni shi ne wanda ba ya lafawa da kwanciya, ya fi tsanani da dare, ga rama, ga zufar dare, wani lokaci har wani ƙashi ya fara turowa a gadon baya. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma muna da shi a nan. Yana cinye ƙashin a hankali, matsi a kansa na iya kai mutum ga zaman keke. Haka wadda ciwon bayanta ya zo da mutuwar ƙafafu, ko ta daina jin tsakanin cinyoyinta, ko fitsari ya riƙa kufce mata ko ya ƙi fita: wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi. Mu a Kano Asibitin Ƙashi na Dala yana kusa.

Sabon targaɗe ba a murza shi a kwana biyu ko ukun farko. A huta, a ɗaga ƙafar, a sa ƙanƙara a cikin tsumma. In ba ta iya taka ƙafar ko kaɗan, ko gaɓar ta karkace, hoto za a yi kafin kowa ya taɓa. Mai sikila kuwa ba a sa mata ƙanƙara sam, sanyi yana tayar da ciwon. Ɗumi da shafa mai laushi suna rage mata raɗaɗi, amma in akwai zazzaɓi ko ciwon ƙirji, asibiti.

Mai ciwon suga da ya daɗe sau da yawa ba ta jin tafin ƙafarta sosai. Za ta ce ki ƙara ƙarfi, ko ruwan bai yi zafi ba, alhali yana ƙona ta. Ki gwada zafin ruwa da hannunki, ki duba tsakanin yatsunta ko akwai gyambo. Wadda ta samu shanyewar ɓarin jiki kuma, kada ki ja hannun da ya mutu, kada ki ɗaga ta da shi. Tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, jan hannun yana goce gaɓar ya bar ta da ciwo na watanni. Irin waɗannan gara ki nemi a haɗa ki da likitan fisiyon da ke duba ta, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ya nuna miki abin da za ki riƙa yi tsakanin ranakun asibiti. In kuma kina cikin aiki kika ga baki ya karkace, magana ta harɗe, hannu ɗaya ya saki, kada ki tsaya shafa mai ko ba da ruwa, mota za a nema.

Mai, tsafta, da jikinki ke kanki

Man kaɗe da man zaitun da man kwakwa sun ishe ki. Ki tambaya ko akwai wanda ke sa ta ƙaiƙayi, kuma in sabon mai ne ki gwada a damtse tukuna. Mayuka masu zafi irin su Robb da Aboniki ba a sa su a fatar da ta fashe, ba a haɗa su da gashin ruwan zafi, ba a kuma shafa wa jariri. Ki ɗebi mai da cokali zuwa ƙaramin kofi, ragowar kada ta koma kwalba. Farce a yanke, zobe da awarwaro a cire, hannu a wanke da sabulu kafin da bayan aiki, kowace mace da tawul da zanen da aka wanke. In kina mura, ki ɗaga ranar, musamman gidan da ke da jariri.

Ki kula da kanki ma. Masu koyo suna matsi da ƙarfin babban yatsa, shekara kaɗan sai gaɓar ta lalace. Ki miƙe wuyan hannu, ki bar nauyin jikinki ya yi aikin. In a katifar ƙasa ce, ki durƙusa kusa da ita a kan matashi maimakon miƙo hannu daga nesa. Idan an gama, kada ta miƙe farat ɗaya, ta juya gefe ta zauna ɗan lokaci, domin jiri na kwasar mutane, musamman masu shan maganin hawan jini.

Amanar da ke cikin ɗakin

Mace ta cire kayanta a gabanki, ta kwanta, ta juya miki baya. Ba ƙaramar yarda ba ce wannan. Izini daga bakinta ake nema, ba daga wanda ya biya kuɗi ba. Sau da yawa uwar miji ko gwaggo ce ke kira a yi wa amarya ko mai jegon fari, ita kuwa yarinyar kunya ta hana ta cewa komai. Ki nemi a ba ku wuri, ki faɗa mata inda za ki taɓa da dalilinsa, ki tambaye ta ko akwai inda ba ta so. Ki ce mata, "Ƙanwata, in kin ji zafi ki faɗa, in kin ce in tsaya zan tsaya." Kuma ki riƙa kallon fuskarta da yatsun ƙafarta, domin tarbiyyarmu ta koya wa mace cije ciwo, wadda ta yi shiru tana dunƙule hannu ba daɗi take ji ba.

Jiki a rufe yake da zane, wurin da kike aiki kaɗai ake buɗewa, a rufe shi kafin a buɗe wani. Al'aura ba wurin tausa ba ce, ko tsakanin mace da mace. Ki fita ko ki juya baya lokacin da take cire kaya. Yaro ko yarinya ba na taɓa su sai uwarsu na zaune.

Sai baki. Za ki ga tabon duka, za ki ga cikin da ba a sanar ba, za ki ga maganin cutar da ko 'yan gidan ba su san tana sha ba. Tausa tana sakin harshe, mace za ta faɗa miki abin da ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba. Kina fitowa tsakar gida abokiyar zamanta za ta tare ki da fara'a da ruwan sanyi, "Ya jikin nata, me ke damunta ne?" Amsa ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada ki ɗauki hoton kowa ki sa a WhatsApp don talla, ko da fuska ba ta fito ba, domin 'yan'uwa suna gane zanen gado da lallen ƙafa. In kin ga alamar ana cutar da ita, ki yi mata magana ita kaɗai, ki tambaye ta wa take so a sanar a danginta, kada ki yanke hukunci a madadinta.

Ki san iyakar sunanki. Likitan fisiyo ya yi shekaru a jami'a, kuma a Najeriya akwai hukumar da ke yi musu rajista, MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa. Mai tausa ba likita ba ce, kada ki sa farar riga ki bari a riƙa kiranki da abin da ba ke ba. Kada ki ce wa kowa ga cutar da ke damunta, kada ki ce tausa na warkar da suga ko rashin haihuwa, kada ki ce a ajiye maganin asibiti. Ina ganin masu haɗa tausa da tallan haɗe-haɗen sha da ba su san abin da ke ciki ba, kuma raina yana ɓaci, domin macen da ke kwance a hannunki ba ta iya ce miki a'a. Kuɗin aiki a faɗe shi tun a waya, kada a gama sannan a ƙara.

Mutuncinki ma abin tsarewa ne. Za a kira ki a ce maigida ne ke ciwon baya, ko a ce ki zo otal. Ki ce mata kawai kike yi, ki ba da lambar namiji mai sana'ar in kin san wani. Sabon gida ba na zuwa sai na ji muryar matar da kaina, kuma wani nawa ya san unguwar da lokacin da zan dawo. In magana ko hannu ya kauce hanya, daga kowa ne, ki tattara kayanki ki fita, ba sai kin tsaya bayani ba.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata, abin da ta ce yana damunta, cututtuka da magungunanta, inda kika yi aiki, man da kika sa, da yadda ta kwana bayan nan. Ki ajiye shi inda yara da baƙi ba sa kaiwa. Ranar da kika tura wata asibiti, ki yage takarda ki rubuta abin da idonki ya gani kawai, misali "ƙafar hagu ta fi ta dama kumburi da ɗumi tun shekaranjiya, ta haihu kwana 12 da suka wuce, ban yi tausa ba", ki ba wanda zai raka ta ya miƙa wa likita. A irin wannan rana kuɗin mota kaɗai nake karɓa, washegari kuma in buga waya in ji ko an je.